Bargo Ɗaya ga Yaro Ɗaya: Nazari kan Aikin Project Linus a Amurka

Ranar Lahadi 24 ga Disamba, 1995, jajibirin Kirsimeti, mujallar Parade da ake haɗawa da jaridun Lahadi a Amurka ta fito da wani rahoto mai hotunan yara. Wanda ya ɗauki hotunan shi ne Eddie Adams, mutumin nan da ya yi suna da hoton harbe wani fursuna a kan titin Saigon a 1968, lokacin yaƙin Biyetnam. Cikin yaran akwai wata 'yar shekara uku mai fama da sankarar jini, wadda ta shafe sama da shekara biyu ana yi mata ƙarin ruwan maganin sankara mai gigita jiki. Rahoton ya ce tana da wani ɗan bargo da ba ta rabuwa da shi, kuma shi ne ya taimaka mata ta jure wannan wahala.

Wata mata mai suna Karen Loucks, mazauniyar yankin Denver a jihar Colorado, ta karanta rahoton. Ba ta daɗe da koyon saƙar kwarashi ba. Sai ta yanke shawarar saƙa barguna ta kai wa yaran da ke jinya a cibiyar kula da sankarar yara ta Rocky Mountain da ke Denver, ta kuma ja ƙawayenta suka shiga. Sunan da ta raɗa wa aikin, wato Project Linus, ta aro shi ne daga Linus, wani yaro a zanen barkwancin jarida na Peanuts wanda Charles Schulz ya riƙa zanawa daga 1950 har zuwa 2000. Duk Ba'amurke ya san Linus: yaro ne mai kaifin tunani, amma kullum yana jan bargonsa, babban yatsa a baki. Don haka sunan bai buƙaci dogon bayani ba a can. Da mutum ya ji shi ya san me ake nufi, kuma wannan ya rage wa ƙungiyar wahalar tallata kanta tun daga farko.

Daga nan abu ya bunƙasa. Yau ƙungiyar tana da ɗaruruwan rassa a dukkan jihohin Amurka 50, an yi mata rajista a matsayin ƙungiyar agaji marar neman riba, hedikwatarta ta daɗe a Bloomington ta jihar Illinois kafin ta koma Belton a jihar Missouri, kuma bargunan da ta raba sun haura miliyan 9. Akwai takwarorinta masu amfani da sunan a Kanada da Birtaniya, ta Birtaniyar ta fara a shekarar 2000. Wannan tarihin kenan a gurguje. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aikin da ya dogara kacokan kan mutanen da ba a biyansu ko sisi ya kai shekara talatin bai watse ba, alhali irinsa da yawa ba sa wuce damina biyu.

Da farko dai ƙungiyar ta ƙuntata wa kanta abin da za ta yi. Bargo take bayarwa, sabo, wanda aka yi da hannu, wanda za a iya wankewa, ga yaro daga haihuwa zuwa shekara 18 da ke cikin rashin lafiya mai tsanani, ko firgici, ko wata buƙata. Ba ta biyan kuɗin asibiti, ba ta raba abinci, ba ta karɓar tsofaffin barguna komai kyansu, ba ta karɓar na kanti komai tsadarsu. Wanda ya taɓa zama a taron ƙungiyar taimakon juna ya san yadda ake fara magana kan abu guda, kafin a tashi an ɗora wa kai abu bakwai, a ƙarshe ko ɗaya ba a yi ba. Nan ba a bar wannan ƙofa a buɗe ba. Duk wanda ya zo da niyyar taimakawa, tambaya ɗaya ce: za ka iya yin bargo, ko sayen zare da yadi ga masu yi, ko ɗaukar waɗanda aka gama zuwa inda za a kai su?

Barguna iri uku ne suka fi yawa. Akwai na saƙa da zaren ulu, ko da kwarashi ko da sandunan saƙa biyu, wanda kan ci makonni a hannun mai yinsa a lokacin hutu. Akwai na haɗe-haɗen ƙyallaye, wato a yayyanka yadin auduga kala-kala a jera shi bisa tsari a ɗinke, a sa auduga a tsakiya, a sa wani yadin a baya, sannan a bi duka hawa ukun da ɗinki. Wannan tsohuwar sana'ar matan Amurka ce, kuma har yanzu suna da ƙungiyoyinta gari-gari. Na uku shi ne mafi sauƙi: yadin roba mai laushi irin na rigunan sanyi, wanda ba ya zarewa idan an yanka, sai a bi gefensa da almakashi a tsattsaga a ƙuƙƙulla. Ba allura, ba keke. Ɗan firamare ma zai iya gama ɗaya a zama guda, shi ya sa makarantu da 'yan sikawut da ma'aikatan kamfanoni suka fi yin irinsa. Masu manyan ayyukan kuwa akasari mata ne da suka manyanta, da yawansu sun yi ritaya, suna haɗuwa a majami'u da ɗakunan karatu da shagunan yadi. A wasu jihohin har fursunoni na sa hannu.

Amma bargo ba ya tafiya kai tsaye daga hannun mai saƙa zuwa hannun yaro. A tsakani akwai shugabar reshe, ita ma 'yar sa kai ce, kuma a ganina a kanta dukkan ginin yake tsaye. Ita ke zagayawa wuraren ajiya ta kwaso abin da aka kawo. Ita da mataimakanta ke warware kowane bargo su duba shi ciki da waje, su shafa shi da tafin hannu ko an manta fil a ciki, su sansana shi. Idan ya wuce, sai a ɗinka masa ɗan ƙyallen shaida mai sunan ƙungiyar a kusurwa, a ninke, a ƙirga, a rubuta. Ita ce kuma ke magana da asibitoci, da ofisoshin kula da walwalar yara, da gidajen da matan da suka tsere wa dukan miji ke fakewa da 'ya'yansu, da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, ta ji nawa suke buƙata kuma wane girma. Gidajen shugabannin rassan kan koma tamkar sito, garejin mota cike da buhunan leda.

Dokokin da take dubawa da su suna da tsauri, har sabon shiga kan ji haushi. Bargon da ke warin taba ba ya wucewa. Wanda gashin kare ko na kyanwa ya maƙale masa ba ya wucewa, kuma a ƙasar da gidaje da yawa ke kwana da dabbobi a ɗaki wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Ba a son turare ko sabulun wanki mai ƙamshi. Ba a son maɓalli ko duwatsun ado ko wani abin da yaro zai ciro ya kai baki. Ba a son saƙa mai manyan ramuka, ko bakin zaren da aka bari yana reto. Kowace doka cikin waɗannan tana da dalilinta a gadon asibiti. Yaron da ake yi wa maganin sankara garkuwar jikinsa ta yi rauni, ƙamshi kaɗan kan tayar masa da zuciya. Mai asma gashin dabba ko hayaƙin da ya kama yadi ya isa ya toshe masa numfashi. Yatsan jariri ko robar ƙarin ruwa na iya sarƙewa a ramin saƙa. Kuma dole bargon ya jure wanki da ruwan zafi a injin sau da yawa, shi ya sa ake fifita zaren roba ko auduga a kan ulun tumaki na gaske, wanda kan ƙanƙance ya kuma sa wasu ƙaiƙayi.

Ka ɗauka tsohuwa ta shafe wata guda tana saƙa, ta kawo da murnarta, a ce mata ba za a iya kai wa yaro ba saboda mijinta na shan taba a falo. Magana ce mai nauyin faɗa, kuma shugabar reshen da ba ta iya bakinta ba za ta kori 'yan sa kai. Wadda kuma kunya ta hana ta faɗa, ranar da aka tsinci fil a bargon jariri asibitin zai rufe mata ƙofa, ya rufe wa duk masu saƙan garin. Asibiti ba ya karɓar kaya daga kowa. Yana karɓa ne daga wanda ya tabbata ya duba. Wannan ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a kusurwa shi ke gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa wani ya riga ya yi wannan dubawar, ba sai ta ɓata lokacinta ba.

Akwai ma inda ka'idar likitoci ta sauya amfanin bargon gaba ɗaya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana gargaɗin kada a sa bargo ko matashi ko wani abu mai laushi a gadon jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, saboda haɗarin shaƙewa da mutuwar fuju'a cikin barci. Don haka a sashen bakwaini, ƙananan bargunan da ake kaiwa akan lulluɓe kwalbar da jaririn ke ciki da su daga waje, don rage masa hasken fitila da hayaniya, ko uwa ta yafa lokacin da ta rungume shi a ƙirjinta. Idan an sallame su ta tafi da shi gida. Wani lokacin kuma jaririn ba ya rayuwa, bargon ya zama cikin 'yan abubuwan da iyayen ke komawa gida da su.

Jarrabawa ta farko mai girma ta zo wa ƙungiyar ne a ƙofar gidanta. Ranar 20 ga Afrilu, 1999, ɗalibai biyu suka buɗe wuta a makarantar sakandaren Columbine da ke kusa da Littleton, a gefen Denver, suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a ranar. Reshen Denver ya wayi gari da buƙatar barguna masu yawa a lokaci guda, kuma manya, domin waɗanda abin ya shafa samari da 'yan mata ne. Abin da ke ƙasa bai isa ba. Rassa a sauran jihohi suka kira taron gaggawa, aka zauna aka yi ta ɗinki da saƙa ana aikawa. Daga wannan ne aka samo al'adar ware rana guda a shekara ta yin bargo a faɗin ƙasa, wadda yanzu ake yi a Asabar ta uku ta watan Fabrairu. Ba a fafe gora ranar tafiya: bargon saƙa ba ya fitowa cikin kwana biyu, don haka dole reshe ya kasance da ajiya tun kafin masifa ta auku, kuma dole a san wa za a kira idan ajiyar ta ƙare. Tsarin ya sake yin aiki bayan harin 11 ga Satumba, 2001, da kuma bayan guguwar Katrina a 2005.

Abin da Columbine ya fito da shi fili har yau bai gushe ba. Masu saƙa sun fi son yin ƙaramin bargon jariri mai launin ruwan hoda ko shuɗi mai haske. Yana da saurin gamawa, zarensa kaɗan ne, kuma akwai daɗi a zuciya idan mutum ya hango jaririn da za a naɗe a ciki. Amma cikin masu buƙata akwai saurayi ɗan shekara 16 da aka ɗauke daga gidansu da tsakar dare, wanda tsayinsa ya kai na babansa, kuma ba zai yafa bargo mai hoton zomo ba ko da sanyi zai kashe shi. Shi ya sa sanarwar rassa ke yawan maimaita roƙo guda: a kawo manya, a kawo masu launin da samari za su karɓa. A nan ne daɗin mai bayarwa da buƙatar mai karɓa suke rabuwa, kuma aikin shugabar reshe ne ta riƙa karkato da hannun masu saƙa zuwa inda giɓin yake ba tare da ta kashe musu gwiwa ba.

To, shin bargon na yin wani abu kuwa, ko dai masu yi ne kawai ke samun natsuwa? Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya. Likitan yara kuma masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, Donald Winnicott, ya yi bayani a farkon shekarun 1950 cewa yaro kan riƙi wani abu mai laushi ya tsaya masa a madadin uwa lokacin da ya fara gane cewa ita da shi ba abu ɗaya ba ne. Daga baya Richard Passman na Jami'ar Wisconsin da ke Milwaukee ya yi gwaje-gwaje tun daga shekarun 1970, ya nuna cewa yaron da ya shaƙu da bargonsa yakan fi samun kwanciyar hankali a baƙon wuri, har ma a ɗakin likita, idan bargon na tare da shi. Sai dai a lura: wannan ya shafi yaron da ya riga ya shaƙu da nasa ne, wanda ya sha jiƙewa da yawunsa, yake ɗauke da ƙamshin gida. Sabon bargon da baƙuwa ta saƙa bai da wannan matsayi ranar da aka miƙa shi. Yana iya samu daga baya, yana iya ƙarewa a ƙasan akwati. Duk mai cewa bincike ya tabbatar da amfanin kyautar bargo ya ɗora wa binciken abin da bai faɗa ba.

Mai karatu Bahaushe zai iya mamakin wannan shaƙuwa da ƙyalle tun asali, kuma mamakinsa na kan hanya. Masu bincike sun lura cewa ɗabi'ar ta fi yawa a inda ake kwantar da jariri shi kaɗai a gadonsa, sau da yawa a ɗakinsa daban, kamar yadda aka saba a Amurka, ta kuma yi ƙaranci a inda yaro ke kwana jikin uwarsa. Yaron da ya wuni a goye, daga bayan uwa zuwa bayan yaya zuwa bayan goggo, bai cika neman madadi ba. Saboda haka wannan aiki ya tsiro ne daga yadda ake renon yara a can, kuma a can ne ma'anarsa ta fi cika.

Ni dai inda na ga ƙarfin hujjar aikin shi ne wajen mallaka. Yaron da aka kwantar a asibiti komai na jikinsa na asibiti ne: rigar, zanen gadon, har kofin shan ruwa. Ana shigowa a juya shi, a soke shi, a auna shi, ba a tambayarsa. Haka yaron da hukuma ta karɓe daga iyayensa ta kai shi riƙo, kuma irinsu ɗaruruwan dubbai ne a Amurka a kowane lokaci. Sananne ne a can cewa da yawansu a ledar shara ake zuba musu 'yan kayansu idan za a sauya musu gida. Ga irin wannan yaron, a ajiye barguna a gabansa a ce ya zaɓi wanda yake so, a kuma ce nasa ne har abada, ba za a karɓe ba idan an sallame shi ko an mai da shi wani gidan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yin sa da hannu kuma yana sa ba a samun biyu iri ɗaya, ba zai ruɗe da na yaron gadon kusa ba. Babban yaro kuma yana iya fahimtar cewa wani da bai san shi ba ya zauna ya ɓata lokacinsa a kansa, abin da bargon kanti ba zai gaya masa ba.

Masu suka suna da tasu maganar, kuma ba ta banza ba ce. Kuɗin zaren da ake saƙa babban bargo ɗaya da shi na iya sayen na masana'anta fiye da ɗaya. Iyalin da jinyar sankara ta jefa cikin bashi, a ƙasar da kuɗin asibiti ke talauta mutane, da za a tambaye su wataƙila su ce a ba su kuɗin. Amma lissafin yana ɗauka cewa matar da ta daina saƙa za ta aika da kuɗin zaren zuwa wani asusu, alhali abin da take da shi a yalwace lokaci ne da gwanintar hannu, ba kuɗi ba. Kuma ita ma tana samun nata rabon. Gwauruwar da 'ya'yanta suka watse jihohi, wadda ta riga ta cika gidajen dangi da barguna har sun ce ya isa, ta sami dalilin fita, da abokan hira, da inda aikin hannunta zai je. Ban ga aibi a nan ba. Da aikin bai amfani masu yinsa ba, da tuni sun gaji sun bari. Inda sukar za ta yi tasiri shi ne idan aka fara ɗaukar bargon a matsayin maganin matsalar yaron, ita kuwa ƙungiyar ba ta yi wannan da'awar ba.

Raunin tsarin yana nan a inda ƙarfinsa yake. Reshe na rayuwa ne da ran shugabarsa. Idan ta tsufa, ko ta yi ciwo, ko ta koma wani gari ba a sami mai ɗaukar nauyin ba, reshen kan rufe, masu saƙan yankin su rasa inda za su kai kayansu. Samun mai son saƙa abu ne mai sauƙi. Samun wadda za ta yarda ta riƙa amsa waya, tana cike takardu, tana jigila da motarta da manta, tana kuma mayar wa mutane da bargunan da ba su cika sharaɗi ba, shi ne wuyar.

Sannan ga wata sabuwar matsala da ta taso daga kasuwa. Shagunan Joann, waɗanda suka kai kusan 800 a faɗin Amurka, a da su ne inda masu saƙa da ɗinki da yawa ke sayen zare da yadi mai rahusa, musamman lokacin ragin farashi, kuma rassa da dama sun mai da su wurin ajiye bargunan da aka gama. Kamfanin ya shiga fatara a karo na biyu a Janairun 2025, kuma zuwa ƙarshen Mayu na wannan shekarar an rufe shagunan baki ɗaya. A manyan birane akwai wasu shagunan da za a koma. A ƙananan garuruwa kuwa, matar da ta saba shiga ta taɓa yadi da hannunta kafin ta saya sai dai ta yi oda ta intanet ko ta yi doguwar tafiya, kuma shugabannin rassa sun koma neman ɗakunan karatu da majami'u da ƙananan shagunan ɗinki da za su yarda a ajiye musu akwatin karɓar barguna a bakin ƙofa.